Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tsakanin Kasuwar Filinge da Motar Asubar Yamai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Filinge ranar Lahadi bayan La'asar ya san irin rawar ƙafar da ake yi a wannan lokaci. Za ka ga 'yar kasuwa hankalinta ya rabu biyu, rabi a rumfa rabi a tasha. Ta aiki yaro ya dubo mata ko motar Yamai ta kusa cika, ya dawo ya ce saura mutum huɗu, sai ta ce ashe da sauran lokaci, ta koma ta ci gaba da auna wake. A ƙullin bakin zanenta kuwa akwai tikitin babbar motar da za ta tashi daga Yamai da asubar Litinin, wanda ɗanta ko ƙanenta ya yanko mata tun ranar Juma'a. Wannan baiwar Allah caca take yi da jarinta, ko da yake idan ka faɗa mata haka sai ta yi maka kallon wanda bai san kasuwa ba.

A kan wannan al'amari nake son mu tattauna a wannan fili yau, ni da ku iyayenmu mata da 'yan uwa fatake na ƙasar Kurfai, daga Filinge zuwa Shikal da Tunfalis da Luma, har maƙwabtanmu na Bankuku da Abala da Sanam. Tambayar ƙarama ce a baki, wato yaushe ya kamata mai tafiya ya isa inda zai hau abin da zai ɗauke shi, kuma ina iyakar jinkirin da zai iya yi ba tare da ya yi asara ba. Amma kuɗin da mutanenmu suka zubar a kan wannan ƙaramar tambaya, da za a tara shi, da ya gina rumfuna masu yawa.

Abin ya taɓa faɗa wa gidanmu. Wata ƙanwar mahaifiyata, wadda ta yi shekara da shekaru tana kai wake da busasshiyar kuɓewa da cuku Yamai, daga nan ta wuce gaba ta saro atamfa da kayan roba, ta taɓa kwana a bakin hanya bayan an wuce Baleyara, saboda ƙafar motar da ta shiga ta fashe, safayar kuma babu iska a cikinta. Gab da Magariba ta baro Filinge, domin wani mai saye ya yi mata alkawarin zai dawo ya ɗauki buhu biyu, ta tsaya jiransa. Ya cika alkawari kuwa, ya dawo ya saya. To amma sa'ad da ta isa tashar kamfanin a Yamai hantsi ya riga ya dubi ludayi, babbar motar ta daɗe da wuce Doso. Tikiti ya ƙone. Abokan tafiyarta da suka saba haɗa kuɗin dako da na masauki sun tafi sun bar ta, sai da ta yi kwana uku a gidan 'yan uwa kafin ta sami wuri a wata motar, ta kuma yi tafiyar ita kaɗai da kuɗi a jiki. Da ta dawo na je yi mata barka, na ce, "Inna, yanzu buhu biyu ne suka jawo duk wannan wahala?" Sai ta ce, "Ɗana, ai ni na ɗauka za su ɗan jira. Ko ba su ga sunana a takarda ba?"

Wannan magana ta Inna ita ce tushen matsalar, kuma kada wani ya ɗauka rashin zuwa boko ne ya sa ta faɗe ta. Masu boko da masu kuɗin ƙasashen waje ma suna faɗa wa wannan rami. Akwai wasu manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa waɗanda Turawa da Amurkawa ke biyan kuɗi mai yawa su shiga, kowane jirgi kamar unguwa guda ce a kan teku, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci. Jirgin yakan tsaya gari-gari a bakin teku na wasu awoyi, fasinjoji su sauka su ga gari su dawo. A watan Maris na 2024 ɗaya daga cikinsu, mai suna Norwegian Dawn, ya taso daga Afirka ta Kudu ya nufi Turai, ya biyo ta gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma. Ranar 27 ga wata ya tsaya a tsibirin Sao Tome, aka gaya wa kowa ya dawo kafin ƙarfe 3 na rana. Mutum takwas, Amurkawa shida da 'yan Ostareliya biyu, suka tafi yawo da wani jagora da suka ɗauka da kansu, suka makara da fiye da awa ɗaya. Sa'ad da suka iso bakin ruwa jirgin bai ko ɗaga ba, yana tsaye suna ganinsa da idonsu. Har masu tsaron teku na ƙasar suka sa su a ƙaramin jirgi suka kai su gindinsa, amma aka ƙi karɓarsu. Fasfo ɗinsu kawai aka bar musu a hannun wakilin jirgin da ke tashar, jirgi ya yi gaba da akwatunansu. Suka bi shi ta sama da ta ƙasa har Banjul ta ƙasar Gambiya, a can kuma jirgin ya kasa tsayawa saboda yanayin ruwa. Sai a Dakar ta Senegal suka samu suka koma ciki, ranar 2 ga Afrilu. Jinkirin awa ɗaya ya jawo musu yawon kusan mako guda.

Jama'a da yawa da suka ji labarin sun ce matuƙin jirgin ba shi da imani. Ni ma da farko haka na ce. Amma da mutum zai zauna ya duba, jirgin nan yana ɗaukar fasinja sama da 2,000, kuma yana da lokacin da aka ba shi na shiga tashar gaba, da ma'aikacin tashar da aka tanadar ya shigar da shi, ga kuma cika da janyewar teku da ba ta sauraron kowa. Idan ya tsaya wa takwas yau, gobe ashirin ne za su makara. A Amurka ma doka ce ta tilasta wa irin wannan jirgi ya miƙa wa hukuma sunayen duk mutanen da ke cikinsa minti 60 kafin ya bar tasha, shi ya sa ranar da za a fara tafiya kamfanonin kan rufe karɓar fasinja awa ɗaya ko biyu kafin lokacin tashi. Mutum ya iso da tikitinsa a hannu, jirgi na tsaye a gabansa, a ce masa ya makara.

Abin dariya shi ne su ma masu wannan yawo suna ta muhawara a tsakaninsu, irin wadda ake yi a tashar Filinge. Wasu na cewa a je tun da safe a riga kowa shiga, wasu na cewa masu sammako su ne ke shan dogon layi, gara a bari sai cunkoso ya ragu a shige salin-alin. Amma akwai abu ɗaya da waɗanda suka saba da tafiyar suka yi ittifaƙi a kansa, shi ne wanda zai taso daga nesa ya kwana a garin da tashar take. Ba ya yarda ya sa doguwar hanya tsakaninsa da jirgi a ranar tashi. To, mu da ba shaƙatawa za mu ba, neman abin da za mu ciyar da iyali muke yi, ina ganin mun fi su buƙatar wannan dabara.

Dalilin da ya sa muke rikicewa a fili yake. Motoci iri biyu muke hawa, amma hali ɗaya muke yi musu. Ta farko ita ce wadda muka tashi muka tarar, motar da ba ta tashi sai ta cika. A wurinta fasinja shi ne agogo. Wanda ya fara zuwa shi ne ya fi kowa shan zama, wanda ya zo ƙarshe kuwa shi ne sarki, ana ganinsa za a tada inji, ko da yake kujerar da kowa ya ƙi ita zai samu. Idan direba ya san ki, yana iya aiko yaron mota har rumfa ya ɗauko kayanki, ya kuma lallashi sauran fasinjoji su ƙara haƙuri. A irin wannan mota jinkiri wayo ne, kuma ba na zargin duk wadda ta koyi wannan wayo. Ta biyu ita ce motar kamfani, da jirgin sama, da duk abin da ke tafiya da agogo. Ita wannan ta riga ta karɓi kuɗinki tun ranar da aka yanki tikiti, saboda haka ko kin zo ko ba ki zo ba, kujerarki an biya ta. Direban Filinge yana jiranki ne domin kuɗinsa yana hannunki, kamfani kuwa kuɗinki ne ke hannunsa. Sunan da Inna ta ce an rubuta a takarda, shaidar biya ce kawai, ba ta ɗaure kowa ya jira ta ba.

Sannan ko a motar agogon, akwai kuskuren da ya fi yawa. Idan kuka duba tikitin manyan motocin da ke tashi daga Yamai, galibi lokaci biyu ake gaya wa fasinja, na hallara da na tashi. Mutanenmu na biyun suke riƙewa. Alhali ga ɗan kasuwa mai kaya na farkon ne ke da amfani, domin a tsakanin lokutan nan biyu ne ake auna kaya, a rubuta musu lamba, a loda su, a kira suna. Ɗalibi mai jaka ɗaya a kafaɗa yana iya zuwa saura minti goma ya shige. Ke mai buhu shida da ƙunshi uku, idan kin zo a wannan lokaci za ki tarar wurin kaya ya cika, a ce ki hau kayanki su biyo baya a motar gobe. Duk wadda ta taɓa rabuwa da kayanta a tafiya ta san yadda barci ke ƙaurace wa ido. Haka abin yake a filin jirgin sama na Diori Hamani ga masu zuwa sari Dubai ko Turkiyya ko Sin, domin ana rufe wurin awon kaya kamar awa ɗaya kafin jirgi ya tashi, shi ya sa ake cewa a zo da awa uku. Lokacin da ƙofa ke rufewa shi ne lokacinku, wancan na tashi na direba ne.

Daga wannan lokaci na rufe ƙofa ake soma lissafi, a dawo da baya har gida. A nan ne kuma hanyarmu ke shigowa cikin magana. Tsakanin Filinge da Yamai kimanin kilomita 180 ne, Baleyara na tsakani. Idan aka tambayi direba awa nawa ne, zai faɗi na ranar da komai ya tafi daidai, ranar da mota lafiya lau, babu wanda aka tsayar. Amma sau nawa komai ke tafiya daidai? Ranar Lahadi ita ce kuma ranar kasuwar Baleyara, babbar kasuwar dabbobi, saboda haka motar da ta baro Filinge da yamma za ta tarar da manyan motocin shanu da na tumaki da amalanke duk sun fito hanya, a kuma tsaya a sauke wannan a ɗauki wancan. Ga shingayen jandarma da 'yan sanda, inda fasinja ɗaya da ya manta takardarsa ta ɗan ƙasa zai iya tsayar da mota guda. Tun da aka fara sa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi a 2017, bincike ya ƙaru, kuma babu mai hankalin da ke son dare ya same shi a daji a wannan yanki. Mutanen ƙauyuka sun tuna yadda hana hawan babura da aka yi a farkon 2020 ya mayar da tafiyar rabin awa zuwa ta rabin wuni a kan amalanke. Wanda zai taso daga Sanam ko Abala kuwa, nasa lissafin ya ninka namu.

Damina ma tana da nata hukunci. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai a wajen Sore, har da hanyar Doso da tamu ta Filinge, motoci suka yi jerin gwano, mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale suna hangen birni. Wanda yake da tikitin asuba a wannan mako, kuma ya bar tafiyarsa sai daren ƙarshe, babu addu'ar direban da za ta fisshe shi. Ba kowace shekara ake irin wannan ruwa ba, amma kowace damina akwai ƙoramar da ke cika ta tsayar da mota awa biyu ko uku kafin ta janye.

Saboda haka ra'ayina, kuma ba zan ɓoye shi ba, shi ne duk wanda yake da motar asuba ko jirgi a Yamai, to rana ta faɗi yana cikin Yamai. Ma'ana ya baro Filinge da Azahar, ya bar wa kansa sararin da ko mota ta lalace zai iya sauka ya tari wata tun da sauran haske. Wadda kuma ba za ta iya barin kasuwar Lahadi ba, to kada ta yanki tikitin Litinin, ta yanki na Talata. Haɗa kasuwar Lahadi cikakkiya da motar asubar Litinin shi ne jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, kuma dutsen jarinki ne.

Na san amsar da za a ba ni, domin an sha ba ni ita. Za a ce malam, kai alƙalami ka riƙe, ba ka san cewa cinikin yamma shi ne ciniki ba. Gaskiya ne. Da yamma ne mutanen ƙauye da suka sayar da dabbobinsu ke zagayowa da kuɗi a hannu su sayi abin da za su koma da shi gida, da yamma ne kuma masu bashi ke biya. Zuwa da wuri ma ba kyauta ba ne. Akwai kuɗin abinci, akwai kwana a tasha cikin sauro da fargabar ɓarayi, akwai nauyin sauka gidan 'yan uwa da hannu biyu, ga yara da aka bari a gida. Mai cuku ko kaji ko ɗanyen kaya kowace awa tana rage masa daraja, mai raguna kuma yana kallo suna ramewa a tasha. Shi ya sa ban ce a tafi da kwana biyu ba. Wanda ya je ya zauna tun Asabar yana jiran motar Litinin shi ma asara ya yi, sai dai tasa ba ta da amo.

Amma mu ɗora abin a sikeli kamar yadda muke ɗora kaya. A ce, alal misali, ribar da za ki samu daga La'asar zuwa Magariba jika 5 ce. A ce kuma a cikin tafiya goma, tara za ki isa lafiya a kan lokaci. Kin tara jika 45 ke nan, kina kuma gaya wa maƙwabciyarki mai sammako cewa tsoro ne ya yi mata yawa. Ran da ta goman ta zo, sai ki lissafa kuɗin sabon tikiti, da cin abincin kwana biyu ko uku a birni, da dakon kaya daga wannan tasha zuwa waccan, da ranar kasuwar da za ki rasa a can inda za ki, da dillalin da ya gaji da jira ya sayar wa wata da kayan da kika yi waya aka ajiye miki. Idan tafiyar gab da salla ce, ƙara da cewa za ki dawo da atamfa bayan kowa ya riga ya kai ɗinki. Kowace ta sa nata alƙaluman a madadin nawa, ta ga ko jika 45 ɗin za ta biya. Abin da ke ruɗinmu shi ne ribar yamma tana shigowa hannu muna ganinta, asarar makara kuwa sai ta faru muke kiranta ƙaddara.

Kuma cinikin yamman nan ba dole ne ya salwanta ba. Yawancinku kuna da ɗiya ko ƙanwa ko abokiyar zama da ke taya ku zaman rumfa. Yau ga wayar hannu, ga kamfanonin aika kuɗi a kowane gari. Abin da aka sayar bayan tafiyarki yana iya riskarki a Yamai kafin ki yi sallar Isha'i. Abin da ke hana mu sau da yawa shi ne rashin yarda, da kuma ganin cewa babu mai iya ciniki sai mu. To, yarinyar da ba a taɓa bar wa rumfa awa uku ba, yaushe za ta koya?

Masu manyan kaya da ke shigo da su ta teku sun riga sun sha wannan darasi da ɗaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Benin, hanyar Kwatano da muka dogara da ita ta toshe. Ko da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ba. Matafiya suka koma sauka a Gaya su ƙetare kogi da kwalekwale su tari wata motar a wancan gefe, wato tafiya ɗaya ta koma gaɓa uku, kowace gaɓa da nata lokaci, wanda ya makara a ta farko ya rasa sauran. Manyan kaya kuma suka koma tashar jiragen ruwa ta Lome, su ratso Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera a cikin ayari da rakiyar soja. Ayarin ba ya tambayar ko motar Alhaji wane ta gama lodi. Ranar da aka ce a tashi za a tashi, wadda ba ta shirya ba ta zauna jiran na gaba, wanda ke iya ɗaukar makonni, direba na ci, yaran mota na ci, kaya na kwance, masu kanti a Filinge na ta bugo waya.

Af, tun da an ambaci Lome, bari in tuna wa masu zuwa can wani ɗan abu da ke kayar da mutane. Agogon Togo da Gana da Burkina Faso yana bayan namu da awa ɗaya, na Benin da Nijeriya kuwa daidai yake da namu. Wanda ya je Lome da agogon Nijar zai riƙa zuwa ko'ina da wuri, wannan ba laifi. Wanda ya dawo Yamai bai gyara agogonsa na Lome ba, shi ne zai zo tasha yana ganin saura rabin awa alhali mota ta tashi da rabin awa.

Wasu kan ce wannan bin agogo ɗabi'ar Bature ce, mu ba haka muka gada ba. Ban yarda ba. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro, madugu ne ke sa ranar tashi, kuma idan ayari ya yi asubanci babu wanda ke cewa a dakata masa ya gama ɗaure jakinsa, domin wanda ya rage a baya shi kaɗai abincin 'yan fashi ne. Daga bakinsu muka gaji cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ɗin nan kuma da azumi, wa ya taɓa ganin an kira sallar Magariba wani ya ce bari sai an jima ya sha ruwa? Mun san minti sarai idan mun ga dama.

Sai dai ba zan rufe baki ban taɓa kamfanonin sufuri ba, domin suna da hannu a wannan ɗabi'a. Kamfanin da zai ce wa tsohuwa ta hallara ƙarfe 3 na dare, sannan motar ba za ta motsa ba sai gari ya waye, shi ne ke koya wa mutane raina lokaci. Idan an yi wa mutum haka sau uku, a na huɗu zai zo a makare, ran nan kuma sai a tashi a kan minti. Wanda yake ƙona tikitin fasinja saboda jinkirin minti goma, ya kamata shi ma ya san abin da zai biya idan ya zaunar da mutum saba'in awa uku. Haka 'yan kamasho na ƙananan motoci da ke rantsuwa cewa saura mutum ɗaya, alhali rabin waɗanda ke zaune a ciki abokansu ne da za su sauka da zarar fasinjan gaske ya biya. A kan wannan rantsuwa mata da yawa suke gina lissafinsu.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na da bakin da za su nemi gyara, kuma abubuwan ba masu tsada ba ne. A faɗa wa mai yankan tikiti, da Hausa ko Zabarmanci, ƙarfe nawa ake daina karɓar kaya, kada a bar shi da rubutun Faransanci da sai ya nemi mai karanta masa. A ba fasinja damar ɗage ranar tafiyarsa ta waya da ɗan kuɗi kaɗan idan ya sanar tun da dare cewa hanya ta riƙe shi, domin kujerar ana iya sayar da ita ga wani. Wasu kamfanonin sun tanadi rumfar kwana da tabarmi a tashoshinsu, wannan abin yabo ne, saura a keɓe wa mata nasu wuri mai ƙofa da makewayi mai tsabta da inda za a kulle kaya. Da yawa daga matan da ke tsayawa sai daren ƙarshe, tsoron kwanan tasha ne ke tsayar da su, ba kwaɗayin cinikin yamma kaɗai ba.

Inna dai tun daga wancan karo ta sauya tsari, ko da yake har yau ba ta taɓa cewa ni na yi gaskiya ba. Ranar Lahadin da take da tafiya, ana kiran sallar Azahar take miƙa wa ɗiyarta tiya da jakar canji, ta lissafa mata masu bashi ɗaya bayan ɗaya, ta hau motar da ta samu ko da ba ta direban da ta saba ba ce. Kafin Magariba an auna kayanta an rubuta musu lamba, ta shimfiɗa tabarmarta kusa da ƙofa. Daga nan sai ta ɗauko waya ta kira Filinge, tambayarta ta farko kuma kullum ita ce ko mai buhu biyun nan ya dawo.